Ƙidayar karta a wasan bilakjak: me ya sa gidajen caca ke korar wanda ya iya lissafi?

Ɗalibin Ƙididdiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina karatun ƙididdiga a jami'a, kuma a darasin lissafin yiwuwa an kawo mana misalin wasan kartar da ake kira bilakjak, wanda wasu ke cewa wasan 21, aka ce shi ne wasan da masana lissafi suka taɓa samun galaba a kan gidajen caca da shi. Maganar ta ɗaure mini kai, domin abin da aka fara koya mana shi ne cewa kowane wasan caca an tsara shi ne ta yadda gidan zai ci riba idan tafiya ta yi nisa, komai wayon mai wasa. Ba caca nake son yi ba, fahimtar lissafin nake nema.

Ina so masu sani su warware mini yadda ƙidayar karta take aiki. Shin mai ƙidayar haddace duk katin da ya fita yake yi, ko kuwa akwai wata hanya mai sauƙi? Sannan na ji an ce a Amurka gidajen caca suna korar duk wanda suka gane yana ƙidaya, alhali ba ya taɓa katin kowa, ba ya haɗa baki da ma'aikaci, ƙwaƙwalwarsa kawai yake amfani da ita. Idan hakan laifi ne a doka, wane irin laifi ne? Idan kuma ba laifi ba ne, da wace hujja ake korar mutum don ya iya wasan da su da kansu suka gayyace shi ya yi? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da aka koya maka daidai ne, kuma misalin da aka kawo maka bai rushe shi ba. Bambancin yana wuri guda. A wasan jefa ɗan lido ko juya faifai, abin da ya fito yanzu ba shi da wata alaƙa da abin da zai fito anjima. A bilakjak kuwa, katin da aka raba ba ya komawa cikin sauran sai lokacin da aka sake cakuɗawa, saboda haka abin da ya rage a hannun mai rabawa yana canzawa daga zagaye zuwa zagaye. Kamar ƙwarya ce da aka zuba farin wake da ja daidai wa daida: idan ka ga an yi ta ɗebo fari, ka san ja ne ya fi yawa a ciki, ko da ba ka leƙa ba.

Sai ka san ƙa'idar wasan kafin ka ga inda ribar take. Kowa yana neman jimillar katinsa ta fi ta mai rabawa ba tare da ta zarce 21 ba. Katin 2 zuwa 10 darajarsu ita ce lambar da ke jikinsu, masu hoto guda uku kowanne goma ne, katin A kuma ɗaya ne ko sha ɗaya. Gidan yana samun rinjayensa ne saboda mai wasa ne ke fara jan kati, kuma idan ya zarce 21 kuɗinsa sun tafi nan take, ko da mai rabawa shi ma ya zarce daga baya. Amma an bar wa mai wasa wasu damammaki. Idan katinsa biyu na farko suka ba shi 21, ana biyansa ninki ɗaya da rabi, wato wanda ya zuba dala 10 zai karɓi ribar dala 15. Yana iya ninka kuɗinsa idan ya ga hannunsa da ƙarfi, yana iya raba kati biyu iri ɗaya su zama hannu biyu, kuma yana iya tsayawa a duk inda ya ga dama. Shi kuwa mai rabawa ba shi da zaɓi, dole ya ci gaba da ja har sai ya kai 17.

A shekarar 1956 wasu mutum huɗu da suka yi aiki a rundunar sojan Amurka, Baldwin da Cantey da Maisel da McDermott, suka wallafa a mujallar ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka hanyar da ta fi dacewa a buga kowane hannu, kuma da injin lissafi na tebur suka yi aikin. Wanda ya bi irin wannan tsari ba kuskure, a teburin da ke da ƙa'idoji masu kyau, rinjayen gidan a kansa yana sauka zuwa kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Daga nan Edward Thorp, malamin lissafi a jami'ar MIT, ya ɗora. Ya yi amfani da kwamfutar IBM 704 ya auna abin da ke faruwa idan aka cire wani kati daga fakiti, wato cikakken jerin karta mai kati 52, ya gano cewa fitar ƙananan kati alheri ne ga mai wasa, fitar goma da A kuma alheri ne ga gidan. Ya gwada abin a jihar Nevada ta Amurka a 1961 da jarin dala 10,000, ya ci ribar kusan dala 11,000 cikin 'yan kwanaki, sannan ya fitar da littafinsa a 1962.

Dalilin da ya sa manyan kati ke amfanar mai wasa a bayyane yake idan ka duba ƙa'idojin da na ambata. Idan goma da A suka yi yawa a abin da ya rage, samun 21 da kati biyu yana ƙaruwa ga kowa, sai dai mai wasa ninki ɗaya da rabi ake biyansa, alhali idan mai rabawa ne ya samu, ninki ɗaya kawai yake karɓa. Haka nan mai rabawa da ke riƙe da 12 zuwa 16 dole ne ya ja, kuma goma ɗaya ta ishe shi faɗuwa, shi kuwa mai wasa yana iya ƙin ja.

Babu wata hadda a ciki, kuma nan ne mutane da yawa suke yi wa abin gurguwar fahimta. Hanyar da ta fi yaɗuwa, wadda Harvey Dubner ya gabatar a 1963, lamba ɗaya tak mutum yake riƙewa a kansa. Duk lokacin da kati daga 2 zuwa 6 ya fito sai ya ƙara ɗaya, idan goma ko mai hoto ko A ya fito ya rage ɗaya, 7 da 8 da 9 kuma ba a lissafa su. A fakiti mai kati 52 ƙananan guda 20 ne, manyan ma 20, na tsakiya 12, don haka idan aka ƙare fakiti lambar tana komawa sifili. Da yake yanzu fakiti shida ko takwas ake haɗawa a akwati guda, sai mutum ya raba lambar da yawan fakitin da yake ƙiyasta sun rage. Idan lambarsa 6 ce kuma saura fakiti uku, ainihin ƙidayarsa 2 ce. Kowane ɗaya a wannan ainihin ƙidaya yana matsar da rinjaye da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari zuwa ɓangaren mai wasa. Aikinsa shi ne ya zuba kaɗan a yawancin zagaye, lokacin da gidan ke da rinjaye, ya zuba da yawa a 'yan lokutan da abin ya juyo wajensa.

Abin da nake so ka fi riƙewa, tunda ƙididdiga kake karanta, shi ne ƙanƙantar wannan rinjaye idan aka gwada shi da girman hawa da saukar sakamako. Ƙwararren mai ƙidaya rinjayensa bai cika wuce kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar abin da ya zuba ba. Mu ɗauka yana zuba dala 50 a kowane hannu, yana buga hannu 100 a awa. Ribar da lissafi ya ba shi dala 50 ce a awa, amma karkatar sakamakon awa guda, wato yadda ya saba kauce wa wannan riba, tana kusan dala 570 sama ko ƙasa. Bayan awa 100 ribar da ake sa rai dala 5,000 ce, karkatar kuma kusan dala 5,700, wanda ke nufin cewa mutum ɗaya cikin biyar da suka yi wasan ba kuskure ko ɗaya zai tarar har yanzu asara yake ciki. Wannan kuma na sauƙaƙa lissafin ne, domin canza yawan kuɗin da ake zubawa yana ƙara faɗin karkatar. Wanda jarinsa bai kai ya jure irin wannan ba, zai tsiyace kafin lissafin ya kai ga biyansa.

Mai Nazarin Shari'a ya amsa:

Malam ya gama da lissafi, bari in ɗauki ɓangaren doka. Ƙidaya da ka, ba tare da na'ura ko haɗin baki ba, ba laifi ba ne a Amurka ko a Birtaniya, kuma ba a gurfanar da mutum a kotu saboda ita. Abin da doka ta hana shi ne amfani da na'ura. Tun shekarun 1970 wani injiniya mai suna Keith Taft ya ƙera ƙaramar kwamfuta da ake ɓoyewa a jiki ana sarrafa ta da yatsun ƙafa, kuma a 1985 jihar Nevada ta mayar da amfani da irin waɗannan na'urori babban laifi mai kai mutum gidan yari.

Hujjar korar kuwa ba ta da alaƙa da laifi. A Nevada ana ɗaukar gidan caca a matsayin wurin kasuwanci na mai shi, wanda ke da ikon ƙin hulɗa da duk wanda ya ga dama muddin ba don launin fata ko addini ko makamancin haka ba ne. Yawanci abin yana farawa ne cikin ladabi: jami'i ya zo ya gaya wa mutum cewa yana iya yin kowane wasa a gidan ban da bilakjak, ko kuma a ce masa daga yanzu abin da ya fara zubawa shi zai ci gaba da zubawa ba ƙari ba ragi, wanda shi kaɗai ya isa ya kashe amfanin ƙidayar. Idan suka ga dama sai su karanta masa gargaɗin kada ya sake shiga harabarsu, kuma daga ranar idan ya dawo ana iya kama shi da laifin kutse. Ka ga a nan laifin dawowar ce, ba ƙidayar ba. Kotun ƙolin jihar Indiyana ta tabbatar da irin wannan iko ga gidajen caca a 2010.

Jihar New Jersey ce ta bi wata hanya dabam. Ken Uston, wanda ya bar babban muƙami a kasuwar hannayen jari ta gabar yammacin Amurka ya koma wannan sana'a, ya kai ƙarar gidan Resorts International na birnin Atlantic City bayan an hana shi wasa. A 1982 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa hukumar kula da gidajen caca ce kaɗai ke da ikon tsara ƙa'idojin wasan, saboda haka gida ba zai kori mutum don ƙwarewarsa ba. Nasara ce a kan takarda, amma abin da ya biyo baya ya nuna inda ƙarfin yake. An bar wa gidajen damar ƙara yawan fakiti, da sake cakuɗa karta duk lokacin da suka so, da taƙaita abin da wanda ake zargi zai zuba. Mai ƙidaya ya samu 'yancin zama a kujera, amma da ya ɗaga kuɗinsa sai mai rabawa ya tattara karta ya cakuɗa, ƙidayarsa ta koma sifili.

Gane mai ƙidaya ba shi da wahala kamar yadda ake zato, domin ba shi da hanyar cin riba sai ta ƙara kuɗi lokacin da ƙidaya ta hau. Ma'aikacin da ke ɗakin kyamarori yana iya mayar da hoton baya ya ƙidaya da kansa, ya duba ko kuɗin mutum suna hawa da sauka tare da lambar. Wannan ne ya haifar da wasan ƙungiya, wanda Al Francesco ya fara a farkon shekarun 1970, ɗaliban MIT kuma suka shahara da shi daga wajen 1980 har cikin shekarun 1990. Ana zaunar da mutane a tebura daban-daban suna zuba ƙaramin kuɗi ba canji suna ƙidaya, idan tebur ya yi kyau sai a yi wa wani ishara ya zo kamar attajirin da ke yawo, ya zuba manyan kuɗi, ya tashi idan abin ya lalace. Gidajen suka mayar da martani da musayar hotuna da sunaye ta hannun wani kamfanin bincike mai suna Griffin, wanda ke tara kundin mutanen da ba a so. A nan ne a ganina aka wuce gona da iri, domin an riƙa cakuɗa sunan mai lissafi da na ɗan damfara. Wasu 'yan wasa biyu, James Grosjean da Michael Russo, sun kai ƙara kan tsare su da kiran su macuta, suka yi nasara, kuma kamfanin ya bayyana karyewarsa a 2005.

Uwar Ɗalibai ta amsa:

Na amfana da bayanin malaman nan biyu, kuma ban ga aibi ba ga ɗalibi ya fahimci lissafin. Amma tunda matasa da yawa za su karanta wannan zare, ya kamata a faɗi cewa ƙwarewa ba ta canza hukuncin caca a Musulunci. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haɗa ta da giya, sun kuma ambaci gaba da ƙiyayya da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla, kuma babu inda aka ware wanda ya iya lissafi. Kuɗin da mai ƙidaya ya ci ma, asalinsu daga aljihun waɗanda suka yi asara a gidan suka fito.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Yaranmu ba Las Vegas za su je ba, a wayar hannu wasan yake zuwar musu, tare da bidiyoyin masu cewa za su koyar da sirrin cinye gidan caca. A bilakjak ɗin da manhaja ke rabawa, ana sake cakuɗa karta bayan kowane hannu, don haka duk abin da Malam ya bayyana ba shi da wurin aiki, babu abin da ya rage da za a ƙidaya. Wanda ya sayar wa yaro darasin ƙidaya don ya yi amfani da shi a irin wannan wasa ya cuce shi tun kafin ya fara.

Ɗalibin Ƙididdiga ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Barista, kuma Hajiya na karɓi nasiharki. Saura abu ɗaya da bai kwanta mini ba. Idan sake cakuɗawa kaɗai ta isa ta rushe ƙidaya, me ya hana gidajen su riƙa cakuɗawa bayan kowane hannu a duk teburansu, su huta da kyamarori da shari'u da korar mutane?

Tsohon Malamin Lissafi ya amsa:

Suna da injin da ke yin haka, ɗana. Akwai na'urar da ake mayar mata da katin da aka gama da shi bayan kowane zagaye tana cakuɗawa ba tsayawa, kuma a teburin da take ƙidaya ba ta da amfani. Abin da ya hana ta mamaye ko'ina shi ne ciniki. Masu zuba manyan kuɗi da yawa ba su yarda da ita ba, sun fi son su ga an cakuɗa da hannu, kuma gida ba ya son ya kori mutum ɗari masu asara don tsoron mutum ɗaya mai ci. Cakuɗawa da hannu akai-akai kuma tana cin lokaci, alhali ribar gidan tana tafiya ne da yawan hannun da aka buga a awa. Shi ya sa suke bin tsaka-tsaki: su sa wani katin roba mai launi a cikin akwatin, idan aka iso gare shi a cakuɗa, ta yadda fakiti ɗaya ko biyu na ƙarshe ba za a taɓa raba su ba, kuma a can ƙarshen ne ƙidaya ta fi ƙarfi.

Sun koyi wannan darasi tun 1964. A shekarar, saboda firgitar da aikin Thorp ya jefa su ciki, gidajen Las Vegas suka haɗu suka tsaurara ƙa'idoji, suka hana raba katin A biyu, suka taƙaita ninka kuɗi ga mai riƙe da 11 kaɗai. Talakawan 'yan wasa suka ƙaurace wa teburan, ba a daɗe ba aka janye dokokin. Abin da ya bayyana daga baya shi ne labarin cewa ana iya cinye wasan ya jawo masa jama'a fiye da da, har ya zama wasan tebur mafi farin jini a gidajen cacar Amurka, kuma mafi yawan waɗanda suka zo da niyyar ƙidaya ba su iya ta yadda za ta biya ba. Kuskure biyu ko uku a awa ya isa ya cinye rinjayen kashi ɗaya cikin ɗari.

Matakin da ya fi kowanne tasiri a 'yan shekarun nan bai ma shafi masu ƙidaya kai tsaye ba. Tun farkon shekarun 2000 tebura da yawa suka daina biyan ninki ɗaya da rabi ga wanda ya samu 21 da kati biyu, suka koma biyan shida a kan biyar, wato dala 12 a maimakon 15 ga wanda ya zuba 10. Tunda irin wannan hannu yana zuwa kusan sau ɗaya a cikin 21, ka raba ragin kashi 30 cikin ɗari na abin da aka zuba da 21, za ka samu kusan kashi 1.4 cikin ɗari da aka ƙara wa gidan a kan kowa da kowa. Wannan ya fi duk rinjayen da ƙwararren mai ƙidaya ke samu, don haka a irin wannan tebur ba sai an kore shi ba, shi da kansa ba zai zauna ba, waɗanda ba su san lissafin ba ne ke cika kujerun.

Idan kana son ka ga abin da idonka ba tare da ka kusanci caca ba, ka rubuta ƙaramin shiri a kwamfuta da zai buga hannu miliyan ɗaya da fakiti shida. Ka gudanar da shi sau ɗaya da biyan ninki ɗaya da rabi, sau ɗaya da shida a kan biyar, sannan ka riƙa matsar da wurin katin robar daga rabin akwati zuwa kusa da ƙarshensa kana rubuta ribar da karkatarta a kowane gwaji. Zai yi maka aikin zangon karatu mai kyau, kuma idan ka samu sakamakon ka kawo shi nan mu duba tare.